Uku a Nan, Huɗu a Can

"…da mutanen gida, da kunnuwanka? Ko har yanzu suna kwance ba lafiya?"

Tekna ke nan, 'yar kawun Ekawel, daga cikin shagonta na tsirkiyoyi da lasifika a kasuwar Tamanrasat. Ekawel ya shigo rungume da jitarsa kamar mai kai jinjiri asibiti. Sidamar, shugaban ƙungiyarsu ta makaɗa, ya ba shi zuwa la'asar: ko muryar jita ta biyu da yake kaɗawa ta daidaita da ta Sidamar, ko a tafi bikin garin Janet da wani, shi ya koma sahun masu tafi.

"Kunnuwana suna jin tafiyar tururuwa a Gao," in ji Ekawel. "Tsirkiyoyinki ne maƙaryata, kamar mai sayar da su. Ba ni sababbi."

"Shekaranjiya ka saya."

"Sun tsufa a hanya."

"Zauna, ɗan goggo. Kaɗa in ji abin da ya kori kajin unguwarku."

Ta sauko da tata jitar daga ƙusa, ta ɗauki layin kiɗan Sidamar, wanda duk garin ya haddace. Ekawel ya bi ta daga sama. Amo biyu na farko suka tafi lafiya lau. A na uku sai jitocin suka kama kokawa, har mai dabinon da ke maƙwabtaka ya leƙo ya tambaya ko wani ya taka kyanwa.

"Me Sidamar ya ce ka yi?"

"Ya ce in bi waƙar sak, amma daga sama. Na ƙirga gaɓa huɗu a wuyan jita, duk inda ya taka in taka huɗu gabansa. Lissafi ne, ba fanninki ba."

"Lissafin wanda ya bar makaranta saboda allo ya harare shi. Ka tuna matakalar da babanka ya gina a gidanku?"

"Kar ki taɓa matakalar nan. Daga birnin Aljas ake zuwa kallonta."

"Masu ɗori ke zuwa. Wata taka doguwa, wata gajera. Idan ina hawa kana gabana da taka biyu, kullum tazararmu ɗaya?"

Tekna ta ɗora yatsa a wuyan jitarsa.

"Haka amon waƙa yake. Ba gaɓa za ka ƙirga ba. Daga inda Sidamar yake, tsallake amo ɗaya, ka sauka a na gaba. Wani wurin uku ne, wani wurin huɗu. Kai kuma ka riƙe huɗu kamar gadon kakanka."

"Dama na sani. Gwada ki nake."

"To gwada yatsunka. Kuma in ya ja tsirkiya, ku ja tare, ku saki tare. Ba tseren raƙuma ba ne."

Suka sake. Uku, huɗu, huɗu, uku. Sau biyar yana zamewa, sau biyar tana taka masa ƙafa. A na shida muryoyin biyu suka manne, suka zama wata murya guda mai kauri wadda ba tasa ba, ba tata ba. Tsikar jikinsa ta tashi. Mai dabino ya sake leƙowa, wannan karon ya tsaya yana saurare.

Ekawel ya daɗe yana kallon yatsunsa.

"Tekna," ya ce a hankali, "wata biyu ina kwana da wannan abin. Ba wanda ya zauna ya nuna mini."

"Kar ka yi mini kuka a kan kaya, tsirkiya tsatsa take yi."

"Na sallama. A Janet zan gaya wa duniya cewa mummunar taubashiyata ce ta cece ni."

"Ka ce matakalar babanka. Yau ta fara amfani."

Ya jawo murhu da 'yar butar shayinta, ya zaro ƙullin ganyen da ya ɓoye don tafiya, mai tsadar nan da ko Sidamar bai san da shi ba.

"Yau ni zan dafa miki. Kofi huɗu, saboda girman aikin."

"Uku ne, jaki. Shi shayi ko'ina uku ne."

Ekawel ya yi dariya har jitar ta amsa a cinyarsa, ya sunkuya yana hura gawayi.