Manyanmu Suna da Zuciya, Ga Shaida a Takarda

Ina cikin surfen dawa maƙwabciyata Hansai ta shigo ba sallama, ta ce, "Tasalla, ajiye taɓaryar nan." Maigidana ya faɗi a gonar audugar abokinsa Jibo, fartanya a hannu. Ko da na isa an lulluɓe shi.

Ba ita ce faɗuwarsa ta farko ba. Wata biyu kafin nan ciwon zuciya ya kayar da shi, muka kai shi asibiti a bayan motar kasuwa. Likitan mutumin kirki ne, ya yi masa allurai, ya kwantar da shi sati uku. Ya ce mini akwai wani inji mai wayoyi da ake manna wa mutum a ƙirji, ya zana tafiyar zuciya a siririyar takarda. Da zanen ake gane ko jini ya koma ratsa naman zuciyar, ko sauƙin na ido ne kawai.

Na ce, "To a manna masa mana."

Ya ce, "Takardar ta ƙare."

Wata mai shara ce ta ba ni labarin. Ranar buɗe injin, Mai Girma Sarkin Yanka Zare ya zo da motoci bakwai. Ya kwanta, aka zana zuciyarsa, aka tafa. Sai mataimakinsa, sai surukinsa, har mai riƙe masa laima. Kowa ya naɗe zuciyarsa ya sa aljihu. Lafiyarsu lau, Allah ya ƙara. Mu talakawa ai mun gode, an tabbatar mana manyanmu suna da zuciya.

Likita ya rubuta a aiko da wata takardar. Amsa ta zo cewa an kafa kwamiti. Ya sallame mu, ya ce kada maigida ya taɓa fartanya sai an ga zanen.

Maigida ya yi haƙurin wata guda a gindin darbejiya. Sai Jibo ya kira gayya, shi kuwa Jibo shi ya tara mutane suka nome gonarmu muna asibiti.

Na ce, "Malam, likita fa ya ce a jira takarda."

Ya ce, "Ciyawa ta san takarda? Mutum ya nome mini gona ina kwance, yau in aika masa da me? Kina gani malmala biyu nake tashi da su."

Injin ne kawai zai iya ba shi amsa.

Har yau, kullum da hantsi idan motar Funtuwa ta tsaya a bakin hanya, ina fita in tambayi Mudi direba ko ya ji an kawo takardar. Ya kan ce, "Inna, kwamiti na zama." Ba hauka na yi ba, na san Malam ya gama da ita. Yanzu Jibo ne ya fara tsayawa tsakiyar kunyar gona yana dafe ƙirji.