Sabulun 'Yan Dam

Ba zan taɓa mantawa da bikin sunan nan na garin Bakura ba.

Wata biyu ke nan da gama sakandare, ina zaune gidan Kawu, ƙanen mahaifiyata, a Talata Mafara. Shagon sari gare shi a kasuwa, kuma tun da aka fara aikin dam ɗin Bakolori ciniki ya buɗe masa. Kullum sai na ji 'yan tireda daga Maradun da sansanin ma'aikata sun sassauta murya suna cewa a ba su "sabulun 'yan dam". Kawu ya shiga ƙurya ya fito da kwali. Ni kuwa na yanke wa kaina cewa sabulun da Turawa ke wanka da shi ne (ban tambayi kowa ba, ai ni 'yar boko ce).

Ran nan aka yi haihuwa gidan Malam a Bakura, malamin Kawu tun yana yaro, mutumin da ba ya buɗe karatu ya rufe bai tsine wa caca ba. Inna, matar Kawu, ba ta jin daɗi, ta ce in ɗauki kwalin sabulu a shago in wakilce ta. Murna kamar in tashi sama! Na ci kwalliya da sabon leshi da takalmi mai tsini. Na iske Kawu ya tafi masallaci, na wuce sabulun gama-gari na shige ƙurya na ɗauko kwali mai rubutun sabulu a baya. Gidan Malam guda, ai sai na Turawa.

A mota ma bisa cinya na rungume shi har Bakura, ina ta tsara yadda za a yaba ni.

Tsakar gida cike da mata. Bayan doguwar gaisuwa na dire kwalin gaban Hajiya, uwargidan Malam, kuma bakina bai tsaya nan ba. Na sanar da jama'a cewa irinsa ba a samu ko a Gusau, Kawu ma sai manyan abokan cinikinsa yake sayar wa, kwali-kwali, kowane mako. (Allah ya sani, sau biyu na maimaita "kowane mako".)

Hajiya ta yanke igiya. Ga su nan jere, ƙanana, naɗe cikin takarda mai sheƙi. Wata tsohuwa ta ɗauki ɗaya ta kai hanci.

"Ɗiyata, wanga sabulu ba shi ƙamshi?"

Na ce na Turawa haka yake, sai ya taɓa ruwa. Ta sa haƙori ta yage takardar. Sai ga karta warwatse bisa tabarma, wani sarki mai kai biyu ya faɗa cikin kwanon fura yana kallona.

Kafin in haɗa wata ƙarya an kai kwalin zaure, inda Malam ke zaune da baƙinsa. Aka kira ni. Na durƙusa nesa. Bai yi faɗa ba, tambaya ɗaya ya yi, ko da gaske ne kowane mako. Na ce haka na gani.

Washegari Kawu ya tafi Bakura da ƙafarsa, ya dawo da la'asar hularsa a hannu. An ce a gabansa aka cinna wa kwalin wuta, sauran na ƙurya kuma ya yi rantsuwa zai mayar wa dilan Kano da ya sayar masa. Kwana uku ina ɓuya bayan rumbu in na ji tarinsa. A na huɗu ya tare ni bakin ƙofa.

"Boko ya koya miki karanta bayan kwali," in ji shi, "bai koya miki tambaya ba."

Daga ranar na gane, duk kayan da aka rage murya kafin a ambaci sunansa, ba na kaiwa barka ba ne. In kuma tsautsayi ya sa ka kai, to ka aje ka yi shiru, kada ka yi masa talla.