Rasuwar Tayar Hagu, Wadda Ba Ta Taɓa Yin Shiru Ba

"Mama, wanda ya kashe taya, shi ma 'yan sanda suna kama shi?"

Tsigi ce ta yi wannan tambayar, 'yata mai shekara biyar, da ɗinki uku a haɓarta. A gaban kakarta ta yi ta, babanta yana zaune yana kallon silin. Tunda manyan gida sun rasa baki, ni na ɗauki biro.

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, da fushin da har yau bai huce ba, ni Maman Tsigi, a madadin kaina da 'yata da jaririn da ke bayana, ina sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar Tayar Hagu, ɗaya daga cikin ƙananan tayoyin nan biyu da ake ɗaura wa keken yara a gefe don kada su faɗi. Ta rasu ranar Talata da hantsi a bakin get, ƙarƙashin motar maigidan nan, bayan gajeruwar jinya da doguwar wulaƙanta.

Marigayiya ta zo gidanmu ne daga gidan yayata, inda ta koya wa yara uku tuƙi ba tare da ta zubar da ko ɗaya ba. Ba kyakkyawa ba ce, kada a yi mata ƙarya bayan ranta. Fentinta ya goge tun kafin a yi aurena. Amma hannunta ƙarfe ne mai kauri, wanda ko babba ya taka ba ya lanƙwasa, kuma robar da ke jikinta robar taya ce ta gaske, mai kama ƙasa. Ta bi siminti, ta bi tsakuwa, ta sha ruwan wanki a tsakar gida ba adadi, ba ta taɓa cewa ta gaji ba.

Babban halinta na kirki shi ne kuka. Ƙiiƙ, ƙiiƙ, ƙiiƙ, duk juyi ɗaya sau ɗaya. Mutanen gidan nan sun ɗauke shi hayaniya. Ni kuwa da shi nake reno. Ina kicin wuƙa a hannu, ko ina ɗaki ina ba jariri nono, kunnena yana waje. Idan kukan yana tafiya a hankali, Tsigi tana zagaya igiyar shanya. Idan ya koma gurrr, ta hau tsakuwar bayan tanki. Idan ya fara sauri, ƙiƙ-ƙiƙ-ƙiƙ, to ta doshi gangarar bakin get, wadda ke sauka kai tsaye zuwa kwata da titi, sai in ƙwalla mata kira ta taga ba tare da na ajiye wuƙar ba. Shekara guda cur muna haka, ni da marigayiya. Ita ce 'yar aikin da ban taɓa samu ba.

Ciwon ajalinta ba wani ciwo ba ne. Noti ɗaya ya kwance, ta fara rawa. Na ce wa Baban Tsigi ya kai keken wajen tsoho mai faci na ƙarshen layi a ɗaure notin, aikin da ba ya kai tafasar ruwan shayi. Ya tarar tsohon ya tafi cin abinci. Maimakon ya jira, sai ya wuce sabon shagon nan mai gilashi, inda aka nuna masa wasu tayoyi masu ruwan hoda, masu kawo wuta idan suna juyawa. Ya dawo yana murmushi kamar wanda ya ci jarrabawa.

"Kin gani? Ba ƙara ko kaɗan. Yanzu mutum zai iya baccin rana a gidansa."

Na ɗauki ɗaya na matsa da yatsa biyu, ta lotsa. Na ce masa wannan ai robar bokiti ce, hannunta kuma kamar murfin gwangwani. Ya ce ni dai ba na son ci gaba. Surukata ta ce yarinya mace ai abu mai kyau ya dace da ita. Tsigi ta ga wuta tana walƙiya ta hau tsalle. Mutum uku a kan ɗaya. Na yi shiru, kuma wannan shirun shi ne laifina, na rubuta shi a nan don kada a ce na wanke kaina.

Aka kwance marigayiya da 'yar uwarta ta dama, aka watsar da su a bakin get kamar ba su taɓa yi wa kowa rana ba.

Kwana uku sababbin suka yi. Ranar Talata ina wanke jariri a baho, gidan tsit. Ban san Tsigi ta hau keke ba, balle in san ta doshi gangara. Da me zan sani? Abin da na fara ji shi ne ƙas, sannan ihun 'yata. Hannun tayar mai wutar ya lanƙwashe a tsakiyar gangara, robar ta tsage biyu, keken ya kifa da ita a gefen kwata, taku kaɗan tsakaninta da titi. Na fito da jariri jiƙe da kumfa a kafaɗa, na tarar da jini ya wanke mata gaban riga.

Babanta ya fito a guje, ya tada mota zai kai mu asibiti, ya yi baya ba tare da ya duba ba. A nan ya bi ta kan Tayar Hagu. Ina riƙe da haɓar Tsigi a kujerar baya na ji ta, ƙiiƙ, sau ɗaya, a hankali. Ko a ƙarshen nata sai da ta yi magana.

Ta rasu ta bar 'yar uwarta Tayar Dama, wadda ta tsira da ƙwarzane. Da keken kansa, wanda ke jingine a bango da kansa a karkace. Da ƙararrawa, wadda ba ta taɓa yin rabin aikin marigayiya ba duk da ita aka saya don ƙara. Ta bar yara uku na yayata da yanzu ke tuƙi ba hannu. Ta kuma bar Tsigi, wadda yau kwana tara ke nan ko kallon keken ba ta yi. Yarinyar da sai na yi faɗa take sauka ta ci abinci, yanzu idan za ta wuce shi sai ta raɓa ta ɗaya bangon. Ɗinki zai warke, ma'aikaciyar jinya ta ce ko tabo da ƙyar zai nuna. Tsoron nan ne ke hana ni sakewa. Jiya na lallaɓa ta na ce ko za ta gwada, ina riƙe da ita. Ta girgiza kai.

"Ba ya kuka, Mama. In na tafi ba za ki ji ni ba."

Ashe ta sani. Duk tsawon shekarar nan ta san ina ji.

Ga yadda za a yi jana'iza. Ranar Asabar da safe, Baban Tsigi zai ɗauki gawar a hannunsa, ba a mota ba, ya taka da ƙafa zuwa ƙarshen layi. Idan tsoho mai faci ya tafi cin abinci, zai zauna a benci ya jira shi. Na riga na kira tsohon ya zo ya duba, ya ce marigayiya ba ta tasuwa, amma yana da irinta a cikin tsofaffin kayansa, mai ƙarfe, mummuna, kuma ya yi mini alƙawarin ba zai ɗiga mata mai ba. Za a haɗa ta da Tayar Dama, noti biyu kowane gefe. Ni zan fara taka hannun sabuwar da ƙafata kafin 'yata ta hau. Tsigi ta ce za ta zo ta ji muryar sabuwar, idan ta yi mata, za ta gwada daga igiyar shanya zuwa tanki. Masu ruwan hodar kuma ba su da jana'iza, suna cikin shara tun ranar. Ana karɓar gaisuwa a kicin, wajena. Kada a kai wa maigida, ba shi aka yi wa rashi ba.

Ke kuma da kike karanta wannan, da kai baban yara musamman: kafin ku ɗaura wa keken ɗanku taya, ku ajiye ta a ƙasa ku taka hannunta da nauyinku. In ya lanƙwasa, ku bar wa masu shago kayansu ko da tana kawo wuta kala bakwai. Ku danna robar da farce, ku duba notin duk mako. Kuma idan akwai wani abu a gidanku mai ƙara da ke damun baccinku, kafin ku kashe masa murya, ku je kicin ku tambayi wadda take saurarensa.