Ranar da Na Tilasta wa Malam Dikko Shan Lemo

Ko na so in manta da wata Laraba a Gummi, ba zan iya ba. Lokacin duk muna cikin jihar Sakkwato, ni kuma ina koyar da ma'aikatan lafiya. Aka turo ni Anka da Bukkuyum da Gummi in yi musu bayani kan wani ciwon gado da ba a cika gani ba, wanda hanta ke kasa sarrafa zaƙin sukari da zuma da 'ya'yan itace. (Ni kaina ban taɓa ganin mai shi ba. A littafi muka haɗu.)

A Anka sun yi gyangyaɗi. A Bukkuyum rabinsu sun zame sun tafi kasuwa. Na iso Gummi muryata ta dushe, bayana kamar an yi sussuka a kansa saboda hanya. Na cika allo da alamomin ciwon: jariri lafiya lau yana shan nono, da an fara ba shi koko da sukari sai amai, zufa, rawar jiki, har suma. Wanda ya rayu ya girma, sai ya tsani zaƙi.

"Amma kada ku damu," na ce musu. "Har ku yi ritaya da wuya ku ga mutum ɗaya."

Da aka yi hutu aka kawo lemon kwalba. Kowa ya ɗauka ban da Malam Dikko, wani dattijon Bafulatani mai wankin rauni a asibitin garin.

"Ranka shi daɗe, ni ba ni shan zaƙi," ya ce.

Na ɗauka kunyar Fulani ce. Na buɗe kwalbar da hannuna, na ce ai in bai sha ba ya raina ni. (Allah ya yafe mini, har da dariyata.) Ya dube ni, ya dubi kwalbar, ya ɗaga ya shanye.

Mun koma aji ba da jimawa ba na ga ya jiƙe sharkaf da zufa, hannunsa na karkarwa. Kafin ya kai ƙofa ya kwara amai, ya sulale ƙasa. Na yi kansa ina cewa zazzaɓin cizon sauro ne. Da na ga idonsa na juyawa sai na daka tsawa: "Ku kawo ruwan sukari!"

Inna Hajo, tsohuwar ungozomar da na zaci barci take tun safe, ta riƙe mini hannu.

"Ɗana, sukari kuma? Juya ka dubi abin da kar rubuta."

Na juya. Ga amai, ga zufa, ga rawar jiki, ga ƙin zaƙi, duk da rubutuna, har na ja layi a ƙarƙashi. Mutum ashirin suna kallon allo suna kallona.

Ita ta aika aka ɗauko garin gulukos, wanda shi ba ya cutar da masu ciwon, ta dama ta riƙa ɗura masa kaɗan-kaɗan. Ni dai fifita na samu na riƙe.

Sai bayan la'asar ya dawo daidai. Na durƙusa ina ba shi haƙuri.

"Ba komi, Malam," ya ce. "Yayyena biyu ga yaye sunka rasu. Ni Innata ta gane, ta tsare ni ga fura da nono, ko rake ba ta bari in taɓa. Ashe abin nan suna gare shi?"

Na ce suna gare shi. Ya sa na maimaita sunan sau uku, don yana da jika da za a yaye bana.

Na koma Sakkwato a gajiye, na rubuta a rahoto cewa mahalarta sun fahimci darasi sosai. Ban faɗi wanda bai fahimta ba. Tun daga ranar, in baƙo ya ce mini ba ya cin abu, ko ruwa ne, sai in janye kofina in tambaye shi dalili.