Rasuwar Mai Ido Ɗaya, jirgin Yanarumi

Da zuciya cike da baƙin ciki, da wani abu da ya fi baƙin ciki zafi, nake sanar da mutanen Yanarumi rasuwar jirgin ƙasanmu, wanda muke kira Mai Ido Ɗaya. Saura kaɗan in fasa rubutun nan. Kun san ni, Nieves ce, 'yar marigayi Anacleto mai duba layin dogo, wadda ko a coci ba a jin muryarta, karatuna kuma bai wuce firamare ba. Na jira shugaban gari ya rubuta, na jira fadan coci, na jira malamin makaranta. Duk shiru. Na kuwa san dalilin shirun, yana saman kawunansu idan sun kwanta.

An haifi marigayi a zamanin kakanninmu, lokacin da masu haƙar kuza suka yanko reshe daga babban layi a mahaɗar Molle Pampa. Daga can yakan bi bakin kogi, ya haye gadar ƙarfe, ya ratsa ramin dutse, sannan ya fuskanci tsaunin da ba ya hawuwa kai tsaye. Sai ya hau da gaba, ya tsaya a juya masa layi, ya hau da baya, har juyi na uku, kafin ya iso mana yana haki. Da kuza ta ƙare masu haƙa suka tafi. Shi bai tafi ba.

Marigayi mai haƙuri ne. Fitila ɗaya gare shi tun da wani yaro ya jefe ɗayar, yaron da yanzu shi ne shugaban gari. Ya ɗauki dankalinku da ulun dabbobinku, ya ɗauki amarenku da gawawwakinku. Mace ta ɗaga mayafi a tsakiyar daji, zai tsaya. Muna jin "tuf, tuf, tuf" ɗinsa tun daga gada, sai mu ɗora ruwan shayi. Shi ke kai mahaifiyata asibiti a kwari saboda ciwon ƙirjinta, kuma idan damina ta zabtare hanyar mota, shi kaɗai ke sauka.

Ciwon ajalinsa ku ne. A garin nan ba a rufa ɗakin aure sai da gungume ɗaya daga ƙarƙashin dogo, wai icen da ya ɗauki jirgi ba ya barin gida ya rushe. Kowane ango ya ce ai ɗaya ne. Babana ya ƙare rayuwarsa yana cike gurbin da danyen icen turare, ya mutu, babu wanda ya gaje shi. Ku kuwa kowace shekara, ranar biki, kuna zuba wa ƙafafun marigayi giyar masara, kuna rataya masa furanni, kuna kiransa ɗan'uwa, alhali haƙarƙarinsa na cikin rufinku.

Ya cika ranar Talata a juyi na uku. Dogo ya buɗe a ƙarƙashinsa, ya zauna ƙasa a hankali, ko kazar da ke cikinsa bai ji wa ciwo ba. Kalmarsa ta ƙarshe ita ce "fsss", doguwa, irin ta wanda ya gaji da mutane.

Ya bar direbansa Don Cirilo, wanda har yau yana sa hular aiki. Ya bar mata masu sayar da dafaffen dankali da cuku a tasha. Ya bar mahaifiyata, ga damina ta kusa. Ya kuma bar Don Fulgencio mai babbar mota, wanda ya fi kowa kuka, ya share hawaye ya aika a sayo masa sabbin tayoyi.

Jami'in jirgi ya zo ya duba gawa. Ya ce idan aka maida gumaguman wuraren juyi kafin Asabar zai ɗaga marigayi, in ba haka ba masu yankan ƙarfe za su zo. Kowa ya sunkuyar da kai yana kallon hularsa. Tsohuwa Doña Petrona ta ce nata gungumen, kakanta ne ya ɗauko, ya zama gado.

Ni na ga ramin da aka zare gungume a juyi na uku. Sabo ne. Na kuma san wane sabon ɗaki ne ke warin kwalta, don ni za a kai cikinsa bayan girbi. Da na tambayi Hilario, wanda zan aura, dariya ya yi.

"Haba Nieves, ɗaya ne fa. Kina so ruwa ya zubo miki a gado?"

Na dawo gida na rubuta wannan, na liƙa a ƙofar coci.

Za a yi jana'iza ranar Asabar a juyi na uku, idan masu yanka sun iso. Ba a buƙatar furanni, ko kyandir, ko ganyen koka da ake taunawa a zaman makoki. Mai gungume a rufinsa kada ya yi mini ta'aziyya, kada ya riƙe hannun mahaifiyata. In zai zo, ya zo da shi a kafaɗa.

Ƙari: washegarin liƙa takardar nan na ɗauki igiya da jakin babana na je sabon ɗakin. Na ɗaura igiyar a gungumen, na kora jakin. Rabin rufin ya biyo shi. Hilario ya fito ya tsaya yana kallo. Na ja gungumen ta tsakiyar gari, ta ƙofar shugaban gari, har juyi na uku, na ajiye shi a raminsa. Daidai ya shiga.

Saura naku.