Yadda Za Ka Ɓoye wa Likitar Ƙungiya Ciwon Gwiwa

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku ce ta zo mu ji ta mana, ko bakin ma ciwo yake?

Kai ɗan ƙwallo, matso kusa. Na san duk ƙarshen mako likitar ƙungiyarku tana turo muku tambayoyi ta waya: ka yi atisaye cikakke ko ka rage, ina ke maka ciwo, zazzaɓi ya taɓa ka ko bai taɓa ba. Kai kuma gwiwa ta dame ka, ga wasan ƙarshe na cin kofi ya matso, kana tsoron a zaunar da kai a benci. Kwantar da hankalinka. In ka bi matakan nan, na yi maka alkawari babu wanda zai gane halin da kake ciki, sai ranar da duniya duka za ta gani. Ba da ka nake faɗa ba. Jikana, wanda abokansa ke kira Barewa, ya gwada su kaf a gabana, ni ce mai wanke masa safa.

1. Ɗauki tambayar a matsayin gaisuwa

In aka ce maka "ya jiki?" me kake cewa? Da sauƙi. Ko kana kwance ba ka iya ɗaga kai, da sauƙi. To, haka za ka yi wa likita. Baiwar Allah ta yi karatun shekaru, ta zauna ta tsara tambayoyinta don ta kama ciwo tun yana ƙarami, kai kuma ka amsa mata kamar kun haɗu a bakin titi. Danna "lafiya lau" daga sama har ƙasa. Ai ladabi ne.

2. Zaɓi lokacin cikawa

Kada ka kuskura ka buɗe tambayoyin da sassafe, lokacin da kake dafa bango kafin ka kai banɗaki. Da safe gwiwa ba ta iya ƙarya. Bari sai ka yi gudu jiki ya ɗau zafi, ciwon ya lafa, sannan ka amsa. Ka ga ba ƙarya ka yi ba, gaskiyar ce ka bari ta fita unguwa.

3. Sake wa ciwon suna

An tambaye ka ciwo ne, ba a tambaye ka gajiya ba. Saboda haka abin nan da ke sukar ka a ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa, daga yau sunansa gajiya. In ya kumbura, sanyi ne. In ya hana ka durƙusawa, laifin katifa ne.

4. Yi hankali da tsofaffin gida

Nan ne haɗarin yake, don mu ba a turo mana tambaya ta waya, ido muke da shi. Ni dai na ga ƙanƙarar firjina tana ƙarewa, sai na leƙa ɗakin Barewa. Na same shi ya miƙe ƙafa a kan kujera, ya naɗe gwiwa da tawul, ruwa na ɗiga.

Na ce, "Angona, wa ya sare maka ƙafa?"

Ya ce, "Kai Kaka, zafi nake ji."

"Zafin a gwiwa ɗaya ya sauka? Ɗayar a inuwa take?"

"Tsohuwa, ba ki san ƙwallo ba."

"Ban san ƙwallo ba, amma na san ɗingishi. Ka faɗa wa likitar taku?"

Ya ce in ya faɗa, koci zai sa wani a wurinsa, a ci kofi shi yana benci yana tafa musu. Haddace wannan amsar, tana rufe bakin tsohuwa na ɗan lokaci.

5. Haɗa kai da 'yan'uwanka

Ƙarya ita kaɗai tana jin kunya, sai a taro take sakewa. Su Barewa mai tsaron gidansu suke tara wa wayoyi a ɗakin canza kaya, shi yake danna wa kowa, suna ɗaure takalmi. In kuma aka samu wani ya rubuta gaskiya, ku yi masa ca. Akwai ɗan bayansu da ya ce agararsa na ja, likita ta rage masa gudu na ɗan lokaci. Tun daga ranar sunansa ya koma Raki. In ya shigo, har kujera suke ja masa, suna cewa a matsa wa mai jego.

6. Karɓi ladanka

Yanzu likita za ta kai wa koci sakamako: ƙungiya garau, babu mai ko atishawa. Ta ce masa abin bai kwanta mata ba, wannan lafiya ta yi yawa. Koci ya ce ai su suka faɗa da kansu, kuma tunda babu wanda ke jin jiki, atisayen ne ya yi sauƙi. Sai ya ƙara musu gudu da tsalle, safe da yamma. Kada ka yi ƙorafi, ɗana. Da yatsanka ka nema.

7. Shiga fili

Ɗaure gwiwar tamau, ja safa ta rufe bandejin. Barewa ya shiga da ƙirjinsa a gaba, ina zaune cikin 'yan kallo. Ba a je hutun rabin lokaci ba ya juya zai bi ƙwallo, babu wanda ya taɓa shi, ƙafar ta lanƙwashe. Likita ta rugo ta durƙusa ta danna wurin, ya ƙwalla ƙara.

Ta ce, "Tun yaushe?"

Ya rufe fuska da riga ya ce, "Tun farkon kakar wasa."

Ba ta yi masa faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi sauƙi. Ta dai ɗaga hannu a kawo abin ɗaukar mara lafiya.

Ni kuwa babu ruwana. Duk wanda ya bi wannan darasi kada ya zo mini da kuka, ba ni da gwiwar aro, nawa biyun ma lallaɓa su nake.

Raki ya buga wasan har ƙarshe da agararsa lafiya. Ba su ci kofin ba. Koci yana nan da usur ɗinsa. Likita yanzu ɗaya bayan ɗaya take kiran su, tana tambaya tana kallon tafiyarsu. An yi wa Barewa aiki a asibiti, an cire sunansa daga jerin 'yan wasan bana. Tambayoyin sun daina zuwa wayarsa, amma duk ƙarshen mako sai na gan shi yana dubawa.