Ranar da Na Ci Goggon Biri a Small Heath

Har gobe ba zan taɓa mantawa ba da ranar da 'yata Amira ta kai ni ajinsu a Small Heath, unguwar da muke zaune a ƙasar Turawa. Suna karatu ne a kan wani kurmi a kudancin Najeriya da aka hana farauta a cikinsa, mai goggon biri da giwaye da aku. Sai ta ce wa malamarsu ai mamanta ta san kurmin ciki da waje. (Ni kuwa haifaffiyar Fagge ce, birin da na sani na gidan zu ne.)

Amira ba ta da ƙawaye a ajin, ita kaɗai take cin abincin rana, abin yana damuna. Shi ya sa na amsa gayyatar da malamar ta yi mini in zo in yi wa ajin bayani. Na yi bita sosai: dogayen bishiyoyin da ke tare rana, rafukan da giwaye ke shan ruwa, masu gadin da ke kwance tarkon mafarauta.

Da farko komai lafiya lau. Sai wani yaro ya tambaye ni abin da na fi so a kurmin. A raina na ce namun daji, bakina kuwa ya juya shi Turanci yadda yake: "Bush meat. I love bush meat." Har na ƙara da cewa duk gidanmu haka muke, musamman goggon biri.

Yara suka zaro ido. Ashe malama ta daɗe tana koya musu cewa farautar dabbobin nan don ci ita ke ƙarar da su, kuma da wannan sunan ake kiran naman. Wata yarinya ta fashe da kuka. Amira ta kifa kai a tebur. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na yi ta bayani cewa a Hausa mai yawo a daji nama ne, na cikin tukunya ma nama ne. Malama ta gane, yara ba su yarda ba.

Washegari Amira ta dawo da fara'a. "Mummy, kowa ya zauna kusa da ni at lunch. Suna son ganin abincina."

"Me kika ce musu?"

"Na ce dambun nama ne. Ban faɗi naman mene ne ba."

Tun daga ranar, kafin in fassara sunan dabba, sai na tabbatar ba a cikin tukunya zan sauke ta ba.